Sunan Intala a Farin Allo

Na tsufa da alli a hannu a lakwal ɗin Arlit, wato makarantar boko, kafin wani ya taso tun daga Yamai ya gaya mini cewa ban san allo ba. Sunansa Zayyadu. Ya sauka da jakar kwamfuta a kafaɗa, da wani siririn rawani da ya saya a tashar Agadas ya naɗa a wuya, don a ce ya san arewa. Ranar farko ya ce mu riƙa kiransa Kodinata. Na ce masa to. Tun daga nan ban taɓa kiransa haka ba sai in ina masa shaƙiyanci, shi kuwa bai taɓa ganewa ba.

Lokacin tawaye na biyu ne. An kafa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas, hanyoyi duk nakiya, mota ba ta barin gari sai da rakiyar soji. Amma farashin yuraniyom ya tashi a duniya, don haka duk mai injin huda ƙasa ya kwaso kayansa ya nufo mu. Wani kamfanin haƙa ramukan bincike, wanda ba zan ɓata bakina da sunansa ba, ya kafa sansani kudu da gari ta wajen Imuraren, ya zuba injiniyoyin waje a ciki, ya kewaye su da waya. Su ba sa fitowa, mu ba ma shiga. Sai wani mai wayo a ofis ya ga ya kamata waɗannan baƙi su koyi Hausa da Tamajak, yaren Abzinawa, don su riƙa gaisawa da leburorinsu. Tun da malami ba zai iya ƙetare waya ba, aka ce darasi ya ƙetare ta intanet. Aka ɗauki ni, Fiddausi, in yi Hausa. Aka ɗauki Intala, malamin wata lakwal a Akokan, ya yi Tamajak. Aka ɗora mana Zayyadu a kai.

Abin da yake kira farin allo shafi ne fari fat a intanet. Duk wanda aka ba adireshinsa zai buɗe shi daga inda yake, ya yi rubutu, ya zana, ya manna hoto. In wani yana aiki a kai, kana ganin 'yar kibiyar hannunsa tana yawo kamar ƙuda a kan faranti. Kamfani ya kama mana kwamfuta biyu a siber, wato shagon intanet, na Ɗalhatu, wani Bakatsine da ke bayan kasuwa, mukan je bayan an tashi lakwal. Intanet ɗin Arlit a lokacin, ka ja layi, ka tashi ka yi alwala ka dawo, ka tarar layin bai gama isa ba. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke kuma, sai a zauna a yi ta kallon juna.

Ba zan hana abin haƙƙinsa ba, yana da amfani. Na ɗauki hotunan tumatir da albasa da buhun gero a kasuwa, na jera su a shafi, na zuba sunayensu a gefe, ɗalibi ya ja suna ya kai wa hoto. Na zana gida da zaure da tsakar gida. Malamai a Agadas suka fara kwafar shafukanmu, su ma suka turo nasu, wani na ƙirga, wani na sassan jiki. Wannan ya yi mini daɗi, don ban taɓa ganin aikina ya fita daga aji ba. Ɗaliban ne dai abin dariya. Mutum ya yi wata da watanni yana jan kalmar albasa, shi da bai taɓa sayen albasa ba, ba kuma zai taɓa saya ba, abincinsa daga jirgi ake sauke masa. Wani tsoho mai gemu a cikinsu ya ƙware a "nawa ne", yana ta rubuta mini ita a ko'ina. Ban san abin da yake shirin tayawa ba, in ba ƙasar ba.

Mu malaman lakwal muna da al'ada. In ka yi aiki a allo kana so ya kwana, sai ka kewaye shi, ka rubuta "kar a goge" da sunanka a ƙasa. Ko darakta ba ya taɓawa. Haka muka riƙa yi a farin allo, kowa ya sa sunansa a kusurwar shafinsa. Washegari sai ka tarar sunan ya ɓace, an rubuta da manyan baƙaƙe: Tsarawa, Zayyadu, Kodinata. Shi ne ya buɗe allon, don haka makulli yana hannunsa. In ya ga dama ya kulle shafi, ba mai iya ƙara ko ɗigo. Ya ɗauki al'adarmu ta mutunci ya sa mata kwaɗo.

Na tare shi a ƙofar siber, na kira shi Mushe, yadda muke ce wa namiji da Faransanci.

"Mushe Zayyadu, hoton albasan nan ni na ɗauka, har mai albasan ta zage ni. Ina sunana?"

Ya gyara rawanin wuyansa ya yi murmushi irin na wanda ya je taro da yawa. "Madam, wanga aiki na haɗin gwiwa ne. Can sama suna son suna guda, wanda za su kira in an samu matsala. Ni nike ɗauke muku nauyi hwa."

Na riƙe wannan magana, don na san wata rana za ta yi amfani. Mutumin da ko gaisuwar Tamajak bai iya ba, ga shi ya zama mai tsara darasin Tamajak.

Na zaci Intala zai taya ni faɗa. Dogo ne, ba ya son magana, kuma Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a bakinsa. Yana zaune gaban kwamfuta, ya ja rawaninsa har kan hanci, ya ce:

"Madam, ka bar shi. Sunana ya fi son inuwa bana."

Na san abin da yake nufi, kowa a Akokan ya sani. Ƙanensa Amumun ya hau dutse ya bi 'yan tawaye tun farkon rikicin. Saboda haka an taɓa ɗaukar Intala, aka riƙe shi, aka tambaye shi, aka sake shi da gargaɗi: in aka sake jin sunansa cikin wata maganar daji, ba zai dawo da wuri ba. Yana da mata da 'yan mata ƙanana biyu, da tsohuwa a ruga can wajen rijiyoyi. Duk abin da yake so a duniya shi ne a manta da shi har wutar ta mutu. Ɓarawon sunansa ya zame masa bargo, na ga haka, na haɗiye fushina a kan nasa shafukan. A kan nawa kam ban haɗiye ba.

Rigimar ta taso daga darasin gaisuwa. Nawa bai ɗauke ni komai ba: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina labari, sai alheri. Mu Hausawa ko gidanka ke ci da wuta, labari sai alheri. Su Abzinawa ba haka ba ne. In biyu suka haɗu a daji, bayan an gama lafiya, sai a zauna a ba da labari na gaske: ina aka yi ruwa, wace rijiya ce ke da ruwa, wace ta ƙafe, su wa suka sauka a ina, wace hanya ake bi. Intala ya ce in ba a sa wannan ba, ba a koyar da gaisuwa ba.

"To ka sa," na ce. "Ƙirƙiro rijiya, ka ce tana da ruwa. Misali ne."

"A'a."

"Me ya sa?"

"Wanda ya ce akwai ruwa inda babu, ya kashe mutum. Ba a wasa da wannan."

"Mushe Intala, waɗannan mutane ruwan kwalba suke sha. Wa zai ɗaura guga ya tafi rijiyarka?"

"Kai ka ce allon nan kowa yana gani."

"To ka ƙirƙiri sunan da babu shi."

"Sai wani ya tafi nemansa."

Na gwada shi ta kowace hanya. Na ce ni a aji nakan ce Ladi ta sayi raƙuma goma, alhali Ladi ko kaza ba ta da ita, kuma ba wanda ya mutu. Ya ce raƙumin Ladi daban, ruwa daban. Taurin kai irin wannan ban taɓa gani ba, mutum da takardar malanta, amma ya kasa yin ƙarya ko ta darasi. Na yi tsaki na koma kan albasata.

Sai ya shiga zuwa kasuwar dabbobi duk ranar kasuwa, ya zauna da makiyayan da suka shigo, ya sha shayi, ya kwaso labari. Ya zana taswira a shafinsa, rijiyoyi 'yan da'irori, mai ruwa shuɗiya, ƙafaffiya fara. A gefe ya rubuta hirar mutum biyu da Tamajak da Faransanci: daga ina, daga Tin-Akawat, yaya ruwa, akwai ruwa, su wa ke can, mutanen wane sun sauka, mutanen wane sun tashi. In labari ya canza ya zo ya canza launi. Gaskiya shafin ya yi kyau, ya fi duk abin da ke allon. Injiniyoyin suka rikice a kansa, don ya yi kama da taswirorinsu. Zayyadu kuwa bai taɓa saurin sa sunansa a kan wani shafi kamar wannan ba.

Ni kam tun ranar da na ga da'irorin na hango haɗari.

"Ka san a wane zamani muke?" na ce wa Intala. "Kana rubuta inda ruwa yake da inda mutane suke, a jihar da ake neman masu neman ruwa."

"Duk wanda ke daji ya riga ya sani, Madam. Ba ni nake gaya musu ba."

"Su masu kaki za su tsaya jin wannan?"

Ya nuna kusurwar shafin da yatsa. "Ba sunana ba ne."

Na je wa Zayyadu da maganar. Na ce ya rage yawan waɗanda ke da adireshin allon, ko ya cire shafin rijiyoyi. Ya dube ni kamar na ce ya yanke hannunsa.

"Madam, ke ba ki gane zamani ba. Ilimi rabawa aka yi shi. Wanga shahi shi ne tutar aikinmu."

Bayan 'yan kwanaki ya buga adireshin a bayan katinsa, yana raba wa duk wanda ya gaishe shi, har da mai wankin motarsa.

Ana nan sai aka tare wata motar kamfanin a daji, aka sauke direban, aka tafi da ita. Ba wanda ya mutu, direban ya tako da ƙafa har titi. Amma wurin da abin ya faru kusa yake da Tin-Akawat, kuma a shafin Intala Tin-Akawat shuɗiya ce. Mai hankali zai ɗan ja baya. Zayyadu kuwa a satin nan aka gayyace shi babban taro a Agadas kan hulɗar kamfanoni da jama'ar gari, ya guga rigarsa, ya bi ayarin rakiya ya tafi.

Ranar taron ina siber da rana, ina gyara darasin launuka, wayata ta yi ƙara. Hamadi ne, direban da ya kai shi. Yana magana ƙasa-ƙasa.

"Madam, mutuminku ya jawo. Ya haska allon nan a bango, gaban manya, yana ta bayani yadda ya sha wahala ya tsara. Da ya zo kan rijiyoyi aka yi ta tafi. Sai wani mai kaki a layin gaba ya ce a dakata. Ya ce wa ke ba shi labarin daji kowane mako, kuma wa da wa ke karantawa. Ya ce gobe ya same su da bayani."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Gumi yake. Yanzu na ajiye shi a wani siber kusa da tasha, ko abinci bai tsaya ci ba."

Na kashe waya na buɗe shafin rijiyoyi. Yana buɗewa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ina jin kamar in jawo shi da hannu. Da ya gama sai na ga wata kibiya da ba tawa ba tana tsaye a kusurwa. Ta motsa. Baƙaƙen Kodinata suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sannan Zayyadu, har kusurwar ta koma fara. Kibiyar ta ɗan tsaya. Sai ta fara rubutu, da manyan baƙaƙe kamar yadda ya saba yi wa kansa: Intala, da sunan mahaifinsa, da sunan lakwal ɗin da yake koyarwa a Akokan.

Na ɗauki magogi na goge. Ya sake rubutawa. Na sake gogewa, intanet yana jan ƙafa, Ɗalhatu ya taso ya tsaya a bayana yana kallo. Karo na uku na danna magogin ya ƙi ci. Wani ɗan kwaɗo ya bayyana a saman shafin. A ƙarƙashin sunan kuma, don kada wani ya yi shakka, ya ƙara: kar a goge.

Na kira shi. Ya ɗauka da muryar nan tasa ta taro.

"Madam, lahiya?"

"Buɗe shafin nan, Zayyadu."

"Wane shahi? A, wanga. Madam, ba ke kinka dame ni a ba kowa haƙƙinai ba? To na duba na ga kina da gaskiya. Aikin Intala ne, ban so in ci haƙƙin bawan Allah."

"Ka ce suna guda ake so, wanda za a kira in an samu matsala. Ga matsala. Ina naka?"

"Ni mi na sani da rijiya? Ko yaren ban ji. Gaskiya za ni hwaɗa, Madam, ba za ni yi ƙarya don wani Buzu ba."

"Ka san abin da aka gaya masa. Ka san yana da yara."

"Ni ma ina da ɗiya," ya ce, ya kashe.

Na yi zagi a siber ɗin nan wanda ban san na iya ba, har Ɗalhatu ya ce in yi haƙuri akwai mutane. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a duk zamansa a Arlit wannan ce rana ɗaya da ya faɗi gaskiya a kan allon, kuma ya zaɓe ta da kyau.

Na hau kabu-kabu zuwa Akokan. Na tarar da Intala a ƙofar gidansa yana ɗaura takalmi, ƙaramar 'yarsa tana riƙe da gefen rigarsa. Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Ka tafi," na ce. "Ka je Tawa, ka je Damagaram, gidanmu yana can, yayana zai karɓe ka."

"Ta wace hanya, Madam? Kowane shinge da sunana. In na bi daji kuma, na zama abin da suke cewa." Ya cire hannun yarinyar daga rigarsa a hankali, ya tura ta cikin gida. "Ni dama siber zan je. Yau da safe wani ya shigo daga Tin-Akawat. Rijiyar ya rufta, ƙasa ya cika shi. Mutanen sun tashi. Dole a canza."

Na tsaya ina kallonsa. Ana shirin ɗaure mutum, shi launin da'ira ne ya dame shi. Na gaya masa an kulle shafin. Ya ce watakila an buɗe. Na ce ba ka san Zayyadu ba. Ya ce a je a gani. Na so in ɗora hannu a ka, amma na tare wani kabu-kabun muka koma Arlit tare.

Ya zauna gaban kwamfuta, shafin ya sauko a hankali. Ya kai kibiya kan Tin-Akawat ya danna, ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa. Sannan idonsa ya kai kusurwa, ya ga sunansa. Tun da muka fara aikin nan bai taɓa ganinsa ya kwana a allon ba. Ya daɗe yana kallo, har ya ɗan sauke rawanin daga hancinsa.

"Ya rubuta daidai," ya ce. "Har na babana."

Ya roƙi Ɗalhatu ya kira Zayyadu ta tasa wayar, ko zai ɗauka. Ya ɗauka. Intala bai yi maganar suna ba ko kaɗan. Ya ce masa, Mushe, ka bar sunan, ka buɗe mini in mai da rijiya ɗaya fara, ko kai ka mayar. Ina jin amsar daga inda nake tsaye. Wai an ce masa kada ya taɓa komai a shafin sai an gama bincike, kuma shi mutum ne mai bin doka.

Ba su jira gobe ba. Kafin la'asar ta yi sanyi mota ta tsaya a ƙofar siber, mutum biyu suka shigo, suka tambayi wane ne Intala. Ya tashi da kansa. Bai yi gardama ba, ya miƙa mini makullin ajinsa ya ce in kai wa darakta. A bakin ƙofa ya juyo.

"Madam, ka goge. Babu ruwa."

Na ce to.

Na yi ƙoƙari. Na buɗe sabon shafi na rubuta da jan launi cewa Tin-Akawat ta rufta, washegari ya ɓace, don Kodinata ba ya son abin da zai ɓata tsarin allonsa. Na rubuta wa malaman Agadas, wasu suka gyara kwafinsu, wasu ba su amsa ba, tsoro ya kama kowa. Na je kasuwar dabbobi na tsaya cikin maza ina faɗa da baki, suka ce sun sani, suka yi mini godiya irin wadda ake yi wa mai taɓin hankali. Na sami tsoho mai gemun nan ta allon, na ce malaminsu na Tamajak yana tsare. Ya rubuto cewa ya yi baƙin ciki ƙwarai, sannan ya tambaya ko za a ci gaba da darasin launuka.

Zayyadu bai daɗe ba aka mai da shi Yamai, aka ƙara masa girma, wai ya nuna sanin ya kamata a lokaci mai wuya. Ranar da zai tafi ya zo yi mini sallama, rawanin nan a wuya. Na ce ya bar mini makullin allon. Ya shafa aljihu, ya yi dariya, ya ce wallahi kalmar sirrin ta kwanta masa, kan mutum da aiki. Ban miƙa masa hannu ba, ban ce ya sauka lafiya ba. Kamfanin ma daga baya ya naɗe wayarsa ya tafi, bai bar mana komai ba sai ramuka.

Sai da aka ajiye makamai aka saki Intala tare da wasu. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. An ba wani ajinsa, matarsa ta kwashe yaran ta koma ruga wajen tsohuwa, da ya je can ƙaramar ba ta gane shi ba. Ya zo lakwal ɗinmu wata rana ana hutun tara, ya tsaya a bakin ajina, rigar ta yi masa yawa. Muka gaisa. Na ce ina labari, bai ce sai alheri ba, ya gaya mini inda aka yi ruwa a kan hanyar da suka biyo. Sannan ya dubi baƙin allona da ke cike da lissafin yara.

"Madam, ka goge?"

Ƙaryar tana bakina, ƙarama ce, ba za ta ci mini komai ba, kuma na san ba zai ƙara taka siber ba a rayuwarsa. Amma labari ya tambaye ni.

"Ban goge ba," na ce. "Ban iya ba."

Ya kaɗa kai, ya ja rawaninsa kan hanci, ya yi mini sai an jima. Na leƙa ta taga na ga ya nufi hanyar kasuwar dabbobi. Da aka tashi na biya siber, Ɗalhatu ya kunna mini kwamfuta bai tambaye ni komai ba. Shafin ya sauko daga sama zuwa ƙasa kamar kullum. Kwaɗon yana nan, Tin-Akawat tana nan shuɗiya, sunan Intala da na babansa a ƙasa.